Darasin Wata: Yadda Sakataren Ƙungiya Zai Adana Takardu a Fayil da a Waya

Kowace ƙungiyar gama kai tana da ofis, ko da ofishin nan bai wuce tebur ɗaya da benci a zauren shugaba ba. Wata ma ofishinta jakar fata ce da sakatare yake ratayawa a babur. Ko ina ofishin yake, takardu ba sa fasa shigowa: wasiƙa daga ƙaramar hukuma, rasit na taki, takardar rance, jerin sunayen waɗanda suka biya kuɗin wata. Yanzu kuma an sami ƙari, domin takardu da yawa ba sa zuwa a hannu, ta waya suke shigowa. Darasin wannan wata zai yi bayanin yadda sakatare zai tsara su duka, na hannu da na waya, yadda in an tambaye shi takarda zai fito da ita ba tare da ya zazzage jaka a gaban mutane ba. Abin da za a faɗa ya shafi magatakardan dagaci, da malamin asibitin ƙauye, da sakataren ƙungiyar iyaye da malamai, da sakatariyar ƙungiyar mata masu adashi.

Rubuta ma'amala ba baƙon abu ba ne a wurin jama'a. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Amma takardar da aka rubuta aka rasa inda take, ranar da rigima ta tashi, da ita da wadda ba a rubuta ba duk ɗaya ne.

A ɗauka ga ƙungiya mai mutum 40. An karɓo taki bashi, buhu 80, kowa ya ɗauki biyu a kan zai biya da kaka. Kaka ta yi, sai wani ya ce shi ya riga ya biya, ya ba ma'aji kuɗin ranar kasuwa a bakin rumfar mai shayi. Ma'aji kuwa ya ce bai tuna ba. Mai yiwuwa duk su biyun gaskiya suke faɗa. Abin da zai raba gardamar nan shi ne gindin rasit da ya rage a littafi. In an same shi, magana ta ƙare a nan take. In ba a same shi ba, za a shiga rantse-rantse, dangi su rabu gida biyu, wanda ya ba da takin kuma ya ƙi ba ƙungiyar baɗi. Ƙungiyoyin karkara ba sata kaɗai ke kashe su ba, irin wannan ma yana kashe su.

Tantance takardu

Aiki na farko shi ne a tattara. Sakatare ya sa rana guda, ya kira ma'aji, su shimfiɗa tabarma, su zube duk takardun ƙungiya: na cikin jaka, da na ƙarƙashin katifa, da na aljihun tsohuwar riga, da waɗanda ke hannun tsohon shugaba. Daga nan sai a kasa su kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda ba a zubarwa har abada. A cikinsu akwai takardar rajistar ƙungiya, wadda aka bayar ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin gama kai ta jiha ko ta tarayya ta 1993, da kundin dokokin ƙungiya, da rajistar mambobi, da littafin bayanin taro, da takardun fili ko na sito. Takardun fili suna bukatar kulawa ta musamman. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce take ba da izinin riƙe fili a karkara, gwamna kuma a birni, kuma sake samun irin wannan takarda bayan ta ɓata wahala ce mai cin kuɗi da tafiye-tafiye. In akwai tsohuwar takardar ciniki da aka rubuta da ajami, kada a yi rubutu a jikinta, kada kuma a jefar da ita don an sake rubuta ta da boko. A sami malami ya karanta, a rubuta abin da ta ƙunsa a wata takarda dabam, a ajiye su tare. In kwanan watan Musulunci ne a jikinta, a rubuta shi yadda yake.

Kashi na biyu su ne takardun kuɗi: rasit, da takardar bayanin asusu daga banki, da littafin shige da ficen kuɗi, da takardun rance. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfanoni su ajiye irin waɗannan har shekara 6. Ƙaramar ƙungiya ba kamfani ba ce, amma ba laifi ta ɗauki wannan a matsayin ma'auni. Sai dai takardar rance ba a fara ƙirga mata shekaru sai an gama biya, kuma ba a taɓa kowace takardar kuɗi sai jami'in gama kai ko mai binciken kuɗi ya duba ta.

Kashi na uku su ne masu gajeren kwana, kamar takardar gayyata da sanarwar taron da ya riga ya wuce. Waɗannan in shekara ta zagayo sai a kawar da su.

Fayil da lambarsa

Fayil ba wani abu ba ne illa kwali mai ninki biyu da igiya. Ana huda takarda a kusurwar sama ta hagu, a zura ta a igiyar. In babu kuɗin sayen fayil, kwali mai tsabta da zare mai ƙarfi sun wadatar. Abin lura shi ne kowane fayil magana ɗaya yake ɗauka. Fayil ɗin taki dabam, na rance dabam, na wasiƙun ƙaramar hukuma dabam. Ƙaramar ƙungiya ba ta bukatar fiye da fayil takwas zuwa goma. In sun yi yawa, sakatare da kansa zai riƙa tsayawa yana tunanin inda takarda za ta shiga.

Kowane fayil a ba shi lamba da suna, a rubuta su da manyan baƙaƙe a bango. Misali, lamba 1 rajista da dokoki, lamba 2 mambobi, lamba 3 taro, lamba 4 banki, lamba 5 rance, lamba 6 taki da iri, haka har a gama. Sannan a rubuta jerin lambobin nan a takarda guda, a manna ta a cikin murfin akwati. Wannan jerin shi ne jagoran duk wanda ya buɗe akwatin ranar da sakatare ba ya nan.

Akwai fayil guda da ya kamata a guje wa buɗewa, shi ne wanda ake rubuta wa "Sauran Abubuwa". Shi ne yake fara cika, kuma duk abin da ya shiga cikinsa ya shiga rijiya.

Wani lokaci takarda ɗaya takan taɓa magana biyu, kamar wasiƙar banki a kan rancen sayen taki. A nan sai a sa ainihin wasiƙar a fayil ɗin rance, a rubuta 'yar takarda a sa a na taki, a ce a duba fayil lamba 5, shafi kaza. Kada a raba wasiƙa mai shafi biyu a sa kowane shafi a wani fayil.

Game da mambobi kuwa, jera su da suna yana da matsala, domin ƙungiya ɗaya tana iya samun Musa huɗu da Ibrahim biyar, wani kuma an fi sanin sa da laƙabi. Maganin wannan shi ne a ba kowane mutum lamba tun ranar da ya shiga. Lambar nan ita za a riƙa sawa a rasit ɗinsa da takardar rancensa. In ya fita ko ya rasu, kada a ba wani lambarsa. A ja layi kawai a rubuta dalili, domin magada suna iya zuwa neman haƙƙinsa bayan shekaru.

Dabarar da ma'aikatan gwamnati suka daɗe suna yi, wadda ta cancanci a kwaikwaya, ita ce sa wa kowane shafi lamba. Takarda ta farko da ta shiga fayil ita ce 1, ta biye 2, har zuwa ƙarshe, ana rubutawa a kusurwar sama ta dama, galibi da jan biro. Amfanin wannan babba ne. In wani ya zare takarda, za a ga an tashi daga 16 an faɗa 18, sai a tambayi ina 17. Fayil ɗin da babu lamba a shafukansa, ana iya zare takarda goma ba wanda ya sani. In fayil ya yi kauri har bangonsa ba ya rufuwa, sai a rufe shi, a rubuta ranar da aka buɗe da ranar da aka rufe, a buɗe sabo mai lamba iri ɗaya a rubuta "kashi na 2".

Bayan fayil, sai littafi guda mai bango mai ƙarfi, wanda za a riƙa shigar da duk takardar da ta zo da wadda ta fita. A ja layuka biyar: kwanan wata, daga wa ko zuwa ga wa, a kan me, lambar fayil, sa hannu. Wasiƙa tana zuwa a rubuta ranar da aka karɓe ta a jikinta, domin ranar da aka rubuta wasiƙa dabam, ranar da ta iso ƙauye dabam, kuma wani lokaci wa'adin da aka bayar yakan ƙare a hanya. Wasiƙar da ƙungiya za ta aika kuwa a yi ta kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu a ɗaya a dawo da ita fayil. Duk wannan aikin a yi shi ranar da takardar ta zo. Tun ran gini ran zane. Takardar da aka ce sai gobe ita ce ake tsinta bayan wata uku an naɗe goro da ita.

In shugaba ko wani ya ari fayil, ya sa hannu a littafi, a rubuta ranar da zai dawo da shi. Wannan ba rashin kunya ba ne, ko da mai aron ya haifi sakatare. Ya kamata a yanke wannan ƙa'ida a gaban taro, yadda sakatare ba zai ji nauyin miƙa wa babba biro ba.

Abokan gāban takarda

A karkara babu abin da ya kai gara ɓarna. Tana tasowa daga ƙasa ko ta jikin bangon laka, tana cin takarda daga ciki, sai an buɗa a tarar da ƙasa. Saboda haka akwatin ƙarfe ya fi kwali da buhu. A ɗora shi a kan duwatsu ko bulo, a janye shi daga jikin bango kamar taƙi ɗaya, a riƙa leƙa ƙarƙashinsa. Ɓera da kyankyaso kuma abinci ke jawo su, don haka kada a ajiye hatsi ko ƙuli-ƙuli kusa da akwatin, kada a taɓa takarda da hannu mai maiƙo. Ƙwayar kafur a kusurwar akwati tana korar ƙwari, amma a ɓoye ta daga yara domin guba ce.

Sai ruwa. Kafin damina ta faɗi a duba rufin ɗakin. Takardun kashi na farko a sa su a leda mai kauri, amma sai an tabbata a bushe suke, domin ledar da aka rufe da danshi ita ke kawo fumfuna. Waɗanda suke zaune a bakin kogi ko fadama su tuna da ambaliyar 2012 da ta 2022, da wadda ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau. Ruwa irin wannan ba ya jiran a kwashe kaya. Akwatin takardu ya zauna a wuri mai bisa, kuma ya zama mutum biyu za su iya ɗaukarsa. In takarda ta jiƙe, kada a shanya ta a rana ko a bakin wuta, kada kuma a ɓamɓare shafukan da ƙarfi. A baza ta a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Ƙananan abubuwa ma suna ɓarna. Allurar ƙarfe da ake maƙala takardu da ita tana yin tsatsa ta ci takardar. Salatif yana yin ja ya bar tabo. Roba tana narkewa da zafi ta manne. Game da liƙe takarda cikin roba da injin zafi kuwa, mutane da yawa suna ganin gata ne suka yi wa takardarsu, alhali in an liƙe ba ta ɓaruwa, ba a iya buga mata hatimi, wasu ofisoshi kuma suna ƙin karɓar ta. In ana son liƙewa a liƙe kwafi, a bar ta ainihi yadda take.

Rasit ɗin da injin POS yake fitarwa yana da nasa hali. Ba da tawada ake buga shi ba, zafi ne yake fito da rubutun a jikin takardar. Shi ya sa in ya daɗe, musamman a wuri mai zafi ko a rana, rubutun yake dushewa har takardar ta koma fara. In kuma aka sa shi a injin liƙewa sai ya koma baƙi ƙirin. Duk irin wannan rasit a ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa, a kwafe lambarsa da yawan kuɗin da biro a littafi.

Takardun da ke cikin waya

Tun ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, mutanen karkara da yawa suka koma biya ta waya. Yanzu mamba yakan tura kuɗi, ya turo hoton shaida ta WhatsApp. Jami'in gona ma yakan turo sanarwa ta nan. Waɗannan duk takardun ofis ne, ko da ba a taɓa su da hannu. Tun 2011 Dokar Shaida ta Nijeriya, a sashe na 84, ta yarda a gabatar wa kotu takardar da ta fito daga kwamfuta, in an cika sharuɗɗa, ciki har da nuna cewa na'urar tana aiki daidai lokacin da aka yi takardar. Ke nan abin da ke cikin waya yana iya zama hujja, bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin takarda a cikin hira. WhatsApp hanya ce, ba sito ba ce. Hoton rasit yana shiga tsakanin gaisuwar Juma'a da hotunan biki, ran da waya ta cika yaro ya goge su gaba ɗaya. Abin da ya kamata shi ne a buɗe jaka a cikin wayar, ko a kwamfuta in akwai, a sa mata sunan ƙungiya. A cikinta a buɗe ƙananan jakunkuna masu lamba da suna daidai da na fayilolin akwati: 1 rajista, 2 mambobi, 3 taro, har ƙarshe. In tsarin akwati da na waya suka zama ɗaya, wanda ya san ɗaya ya san ɗayan.

Sunan da ake ba takarda shi ne rabin aikin. Waya takan sa wa hoto suna na haruffa da lambobi da ba ya gaya wa kowa abin da ke ciki. A canza shi. A fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan bayani. Misali: 2025-03-14 rasit taki mamba 17. Dalilin fara wa da shekara shi ne na'ura tana jera sunaye ne daga harafin farko. In an fara da rana, takardar 1 ga Disamba za ta hau kan ta 2 ga Janairu, shekaru su cakuɗe. In an fara da shekara kuwa, takardu za su jera kansu daga tsohuwa zuwa sabuwa. A riƙa sa sifiri a gaban watanni da ranakun da ba su kai goma ba, wato 03 maimakon 3, don jerin kada ya karkace.

Masu rubutu da Hausa suna da wani abin lura. In yau an rubuta "kuɗi" da ɗ mai lanƙwasa, gobe an rubuta "kudi" da d, na'ura tana iya ɗaukar su kalmomi biyu dabam, a nemi ɗaya a rasa ɗaya. Saboda haka a sunan takarda a zaɓi hanya guda a tsaya a kanta. A cikin wasiƙa kuwa a rubuta Hausa da ƙa'idarta.

Ɗaukar hoton takarda ma yana da ƙa'ida. A shimfiɗa ta a wuri mai haske, ba cikin tsakar rana ba, a riƙe waya daidai samanta, a tabbata kusurwoyi huɗu sun fito. Kafin a mayar da takardar a buɗe hoton a ƙara girmansa, a ga ko lambobi da sa hannu suna karantuwa. In akwai rubutu a baya a ɗauka. Akwai manhajoji da suke haɗa shafuka da yawa su zama takarda guda irin ta PDF, wannan ya fi dacewa da yarjejeniya mai shafi uku ko huɗu. In za a tura ta WhatsApp a tura ta a matsayin takarda, domin in an tura a matsayin hoto yakan rage mata kyau har ƙananan rubutu su dushe.

Hoton shaidar tura kuɗi kuwa ba shi ne kuɗi ba. Ana yin na jabu, wani lokaci kuma kuɗin yakan koma wa mai shi. Ma'aji kada ya rubuta rasit sai ya ga kuɗin a asusun ƙungiya. Ƙarshen kowane wata a karɓo bayanin asusu daga banki, a zauna a gwada shi da littafi layi bayan layi.

Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa, tana mutuwa ba sallama. Saboda haka takarda mai muhimmanci ta kasance a wuri uku: a wayar ko kwamfutar da ake aiki da ita, da a filashi ko memori, da kuma wani wuri da ba cikin ɗakin ba. In an ajiye filashi a akwati ɗaya da takardu, gobarar da ta ci wannan ita za ta ci wancan. Wuri na uku yana iya zama gidan ma'aji, ko ma'ajiyar intanet irin su Google Drive, wadda take ba da gigabait 15 kyauta, abin da zai ishi ƙaramar ƙungiya shekaru in takardu kaɗai ake sawa. Inda babu sabis mai ƙarfi, sakatare ya riƙa yin wannan ranar da ya shiga gari. A sa rana tabbatacciya ta kwafewa, misali ranar taron wata, ma'aji yana kallo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokaci-lokaci a buɗe filashin a gwada, domin yakan lalace ba a sani ba, musamman na araha. Kayan ajiya ma suna tsufa. A shekarun 1990 ofisoshi suna ajiya a faifan filofi, wanda bai wuce megabait 1.44 ba, yau kuwa da wuya a sami kwamfutar da za ta karanta shi. Duk bayan 'yan shekaru a kwashe komai zuwa sabon abin ajiya. Wannan ne ma dalilin da ya sa hoto ba ya maye gurbin takardar ainihi mai hatimi da sa hannu. Takardar fili da ta rajista suna nan a akwati, hotonsu mataimaki ne kawai.

Asusun imel da ma'ajiyar intanet a buɗe su da sunan ƙungiya, da layin waya na ƙungiya. Sakatarori da yawa sukan ba ɗansu ko ƙanensu ya buɗe musu da nasa layin, ran da yaron ya tafi ci-rani ko ya canza layi, shi ke nan an rufe ƙofa da mabuɗi a ciki. Zanen aro ba ya rufe katara. Layin ƙungiya kuma a riƙa amfani da shi, domin kamfanonin waya suna karɓe layin da ya daɗe ba ya aiki su sayar wa wani. Lambar sirri mutum biyu su san ta, sakatare da shugaba ko ma'aji. A rubuta ta a takarda, a rufe a ambulan, a sa hannu a bakin ambulan ɗin, a ajiye a akwati.

Sirrin mambobi

Ƙungiyoyi yanzu suna karɓar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN, da hotuna, da lambobin wayar mambobi, domin masu ba da rance da tallafi suna neman su. Waɗannan amana ce. Ɗan damfara da ya sami suna da lambar waya da BVN na mutum yana iya kiran sa ya ce daga banki ne, ya yaudare shi ya kwashe masa kuɗi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu tattara irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, da yin amfani da su a kan abin da aka karɓe su dominsa kawai. Saboda haka kada a tura jerin nan a zauren WhatsApp na kowa da kowa. Kada a miƙa shi ga duk wanda ya zo da mota ya ce zai kawo tallafi, sai an tabbatar da shi daga ƙaramar hukuma, mambobi kuma sun yarda. Wayar da ke ɗauke da su a sa mata makulli, ba a ba yara su yi wasa da ita.

In an je shagon buga takardu a gari, sakatare ya tsaya a kan aikinsa. In an gama ya sa a goge takardun daga kwamfutar shagon a gabansa, ya kwashe har kwafin da suka lalace. Filashin da ake kaiwa shago ya zama dabam da na ajiya, domin kwamfutocin shago sukan ɗauki cutar da ke ɓoye takardu ko ta lalata su.

Takardun da wa'adinsu ya cika kuwa, kada a sayar wa masu ƙosai da masu tsire. Ba daɗi mutum ya sayi ƙosai ya tarar an naɗe masa da takardar bashin maƙwabcinsa. A rubuta jerin abin da za a kawar, taro ya amince, a ƙone su a gaban mutum biyu, su sa hannu a jerin, a sa shi a fayil lamba 3.

Ranar miƙa ofis

Yawancin takardun ƙungiya a lokacin canjin shugabanni suke salwanta, musamman in zaɓe ya yi zafi. Wanda ya faɗi yakan riƙe akwati, ko ya ce wayarsa ce ba ta ƙungiya ba. Don haka tun ana zaman lafiya a sa a cikin dokokin ƙungiya cewa takardu na ƙungiya ne, kuma za a miƙa su cikin kwana kaza bayan zaɓe. Ranar miƙawa a zauna da jerin nan na cikin murfin akwati, a ƙirga fayil ɗaya bayan ɗaya, a rubuta lambar shafin ƙarshe na kowanne. A miƙa hatimi, da littattafan rasit har waɗanda ba a fara ba, da filashi, da layin waya, da ambulan ɗin lambar sirri. Sabon sakatare ya buɗe asusun a gaban kowa don a ga yana buɗuwa, sannan ya canza lambar sirrin. Tsoho da sabo da shaida ɗaya su sa hannu a takardar miƙawa, a yi ta kwafi biyu, tsohon sakatare ya tafi da ɗaya domin ita ce kariyarsa in an zo ana cigiyar wani abu daga baya.

Aikin aji

Malamin aji ya tanadi takardu goma sha biyu na gwaji, waɗanda babu sunan kowa a ciki: rasit, da wasiƙu, da takardar gayyata, da takardar rance. Ɗalibai su kasu uku-uku. Kowane rukuni ya raba takardun kashi uku yadda aka bayyana, ya ba su lambar fayil da ta shafi, ya shigar da biyar a littafin shige da fice. Daga nan malami ya zare takarda ɗaya a ɓoye, a ga rukunin da zai fara gano wadda ta ɓata. Masu waya su ɗauki hoton takarda ɗaya, su ba ta suna da ya fara da shekara, su nuna wa malami a mako mai zuwa.